Zanen Gindin Kufena

"Dutse?! Muntaka, dutse ne ya tsayar da kai?"

Muryata ta cika zauren Goggo Hajo. Shi kuwa yana tsugune, kai a ƙasa, ƙafafunsa duk taɓo.

"Maijidda, ki saurare ni..."

"Wallahi ba zan saurara ba! Baba ya ce ka kawo kawunka da hantsi a tsayar da maganar aurenmu. Dattawa suka yi ta zama har azahar suka watse. Kai kana can kana kallon dutse!"

"Da sauri na fita, abar ƙaunata, ruwan asuba ya ɗauke ke nan. Ina isa gindin Kufena rana ta haske shi, ruwa na gangarowa a jikinsa layi-layi. Na ce in ban zana shi yanzu ba hannuna zai manta. Na tsuguna da tsinke... kafin in ɗago rana ta take."

Kun ji fa! Magini ne mai zanen bango, duk Tudun Wada babu kamarsa, amma da ya ga abu mai kyau sai hankalinsa ya bar jikinsa.

Da latti ne kaɗai, da da sauƙi. Gwadabe da na ƙi aurensa tun bara, masinjan Bature, ya wuce shi a kan keke. Kai tsaye ya zo gaban dattawa ya ce ya ga Muntaka a daji yana bugun ƙasa, wai asiri yake haɗa mini. Baba kuwa, Malam Kailani, magana ɗaya ya yi: "Ba na ba boka 'yata."

Boka! Mutumin da ko laya ba ya ratayawa! Haushin Muntaka yana cina, amma na wannan ƙazafin ya fi.

"Zanen yana nan?" na tambayi Muntaka.

"In ruwa bai sake sauka ba. Ƙarƙashin giginyu biyu na bakin hanya."

Na leƙa waje. Gabas ta yi baƙi.

"Goggo, tashi!"

Yayar Baba ce, ita kaɗai ce ba ya tsallake maganarta.

"Ke 'yar nan, da wannan gwiwar tawa?"

"Ga jakin kawunsa a ƙofa, sai yanzu suka iso."

Muntaka ya miƙe zai bi mu, Goggo ta daka masa tsawa. "Zauna nan! So kake a ce kai ka je ka gyara?"

Muka fita, ina jan jaki ina masifa. Muka tsallake sabuwar hanyar jirgi, leburori na binmu da kallo. Na zagi Gwadabe, na zagi kekensa, na dawo kan Muntaka da tsinkensa. Iska ta taso, ƙaya ta soke ni, ban ko tsaya cirewa ba.

Muna shan kwanar wata gonar dawa na ɗaga kai don in ga saura nawa.

Wayyo Allah...

Hadari baƙi ƙirin a bayan dutsen, rana kuma tana dukan gabansa, ya yi ja kamar sabuwar tukunya. Dawa kore shar tana kwantawa tana tashi. Balbelu farare tas suka ratsa ta gaban baƙin nan a jere. Tun ina goye nake ganin Kufena, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Igiyar jakin ta suɓuce daga hannuna.

"To!" in ji Goggo. "Ke ma an yi miki asirin ne? Ruwa fa zai riga mu!"

Kunya ta kama ni, na figi igiya da gudu.

Zanen yana nan, a kan danshin ƙasa. Goggo ta sauko da ƙyar, ta duƙa ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne bugun ƙasa? Ni da na san masu duba tun ina yarinya, ɗige-ɗige suke jerawa. Wannan ai dutse ne! Ga giginyun nan, ga hanyar ruwa. Kai, amma Gwadabe an yi ɗan banza!"

Ba ta rufe baki ba ruwa ya ɓarke. A gabanmu ya shafe shi tas, sai na ji hawaye ya zo mini.

Sharkaf muka dawo. Goggo ko kaya ba ta sauya ba ta faɗa wa Baba.

"Kailani! Na je na gani da idona. Wauta ce ta kama yaron nan, ba bokanci ba. Ka ɗauki maganar wanda 'yarka ta ƙi, ka zubar wa ɗan mutane mutunci a gaban dattawa?"

"Yaya, kin tabbata?"

"Dubi jikina ka sake tambaya!"

Baba ya yi istigfari. Can ya ce, "Su dawo gobe da hantsi. Ni zan ba shi haƙuri da bakina."

Na tarar da Muntaka inda muka bar shi.

"Gobe da hantsi," na ce, ina harararsa. "Kuma a gidan Goggo kawunka zai kwana, kada ka kuskura ka fita daga garin nan!"

Ya yi hamdala. Sannan a hankali ya ce, "Maijidda... ya yi kyau?"

"Ruwa ya shafe shi."

"Dutsen nake nufi."

Na so in ci gaba da fushi, wallahi na so.

"Ni ma sai da na tsaya, masoyi."