Layi Na Ɗari

Daren jajiberin Sallah, shafin intanet na sayar da tikitin motocin Zongo ya cushe. Rumbun bayanansa layi ɗari na masu sayen tikiti yake ɗauka a lokaci guda, amma Tidjani, injiniyan da Labiba ta gaji aikinsa, ya tsayar da shi a casa'in da tara.

"Na ɗarin yana da mai shi," ya gargaɗe ta ranar da zai tafi.

Direbobi sai kira suke yi, mai kamfanin ya rantse zai kore ta. Sai ta buɗe na ɗarin.

Fanka ta tsaya cak. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ofis. Kujerar gefenta ta lotsa, babu kowa a kai.

"'Yata," in ji wata tsohuwar murya daf da kunnenta, "wa kika ba wurina?"