Faifai Ɗaya a Sandara

Ranar Talata ce, dab da magariba a unguwar Hayyus Sabi'i ta Alƙahira, lokacin da haske ke janyewa daga barandodi, tantabarun maƙwabta suna komawa ɗakunansu. Rahina tana yanka albasa a kicin. Wijdan, 'yarsu mai shekara tara, tana kwance a falo tana aikin makaranta. Sai talabijin ta kunna kanta, muryar Malam Illiyasu, mahaifin Rahina, wanda ya rasu a Gusau shekara shida da suka wuce, ta cika ɗakin da tafsirin Suratu Yusuf.

Badamasi, maigidan, bai tsorata ba. Digiri na uku yake yi a ilimin hadisi, ya saba tambayar kowane labari wa ya ruwaito shi. Ya ce saiti ne ya ɗan karkace. Ya kashe. Ta sake kunnuwa.

Wata biyu kafin nan ya haɗa kwamfuta ɗaya da za ta yi wa gidan aiki uku: ta adana komai, ta tura fina-finai zuwa talabijin, ta kuma ɗauki wasannin da yake cewa na Wijdan ne. Harun, mai shagon da ya sayar masa da kayan, ya ce faifan ajiyar tsohon hannu ne, a sa biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Amma katin hoton da wasannin ke bukata dogo ne, ba ya shiga sai an cire mazaunin faifai na biyu. Badamasi ya yi nazari irin na malamai, ya cire mazaunin.

Ƙarar fanka ta hana su sakewa, sai ya ɗora na'urar a sandara, ɗan ɗakin ajiyar nan da Misirawa ke yi a saman banɗaki. A nan kaset-kaset ɗin Malam Illiyasu suke, wajen ɗari biyu. Tun da ya riga ya kwashe su cikin faifan, ya ba mai keken nan da ke sayen tarkace. Rahina ta tsaya a baranda ta bi keken da ido har ya sha kwana.

Bayan talabijin sai jifa. Kullum da almuru ƙananan kusoshi ke faɗowa daga sandara, ɗaya bayan ɗaya, da zafinsu. Badamasi ya ce girgizar fanka ce. Ya hau ya duba, babu kusar da ta ɓace a jikin na'urar. Abin da ya ji shi ne faifan yana wani ƙas, ƙas, a hankali.

"Kada ka kashe shi, ya Ustaz," in ji Harun ta waya. "In ya tsaya, khalas, shi ke nan, ba zai sake juyawa ba. Zo ka karɓi wani, ka kwashe komai tun yana da rai."

Ranar da ya jona sabon faifan ta waje ya fara kwafa, a ranar Wijdan ta daina cin abinci. Ta shiga banɗaki, ta zauna a kan tayil mai sanyi, ta jingina kunci da bango. Likita ya zo ya auna, ya ce ba zazzaɓi. Ita kuwa cewa take, "Zafi. Ku rage ƙarar." Kwana biyu ko ruwa ba ta haɗiya ba. Leɓunanta suka tsage. Badamasi ya zauna a bakin ƙofa, duk littattafan da ya karanta suna falo, ba wanda ya taso.

Rahina ce ta kira Malam Gidaɗo, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya shekara talatin a Alƙahira. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a dokin ƙofar, ya fara karatu ba tare da ya ɗaga murya ba. Can yarinyar ta juyo. Idanun nata ne, kallon ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Ba kurma ba ne ni."

Muryar tsoho ce, a gajiye.

"Wane ne kai? A ina ka koyi Hausa?"

"A sandara. Ɗalibanku nawa suka zauna a gidan nan? Ban taɓa ko cokalinsu ba. Sai wannan ya kawo mini tanderu mai fanka. Na yi jifa, ya ce girgiza ce. Na kunna masa surukinsa ko zai ji kunya, ya ce saiti. Yarinyar nan ce wuri mafi sanyi a gidan."

"Ka fita."

"A kashe abin, in koma ɗakina yanzun nan."

Badamasi ya duba wayarsa. Saura awa goma sha tara a gama kwafa.

"Malam, ya jira zuwa gobe," ya ce.

"Ni zan iya jira," in ji muryar. "Ita fa?"

Daga sama faifan ya yi ƙas, ƙas.

"Ko mu yi haka," muryar ta ci gaba, ta juya wajen Rahina. "Wata biyu ina kwance kusa da faifan nan, na haddace tsohon kaf. Ku bar ni a nan, zan bar ta ta ci ta sha. Ko faifan ya mutu, ba ki rasa komai ba." Sai bakin Wijdan ya buɗe, Malam Illiyasu ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce, "Rahinatu, kawo mini ruwa, maƙogwaro ya bushe."

A kaset na arba'in da ɗaya maganar take. Rahina tana da shekara goma a lokacin.

Malam Gidaɗo ya sunkuyar da kai. "Hajiya, karatu zan iya. Wannan kuwa ba nawa ba ne."

Rahina ta jawo kujerar roba, ta hau, ta miƙa hannu cikin sandara.

"Ummu Wijdan, bari in gwada..."

"Ka gama gwadawa, Abban Wijdan."

Ta zare wayar wutar na'urar. Fankar ta yi ta ragewa har ta tsaya, gidan ya yi shirun da suka manta yana da shi. Aka fara kiran sallah a masallacin ƙasa. Wijdan ta sulale a jikin bango, ta buɗe ido, ta ce tana jin ƙishirwa.

Washegari Badamasi ya kai wa Harun faifan. Harun ya kara a kunne, ya girgiza kai, ya ce ma'alish, sai haƙuri. Suka jona sabon don su ga abin da ya tsira. Na'ura ba ta son kai, a jere take kwafa, yadda mai ita ya tsara. Badamasi kuwa mutum ne mai tsari, da hannunsa ya sa wa ma'ajiyoyin lamba: ɗaya, wasanni, biyu, fina-finai, uku, Baba.

Wasannin sun tsira gaba ɗaya. Harun ya ce katin hoton ma lafiyarsa lau.