Sikelin da Ya Rage wa Sufeto Kilo Goma

Da hantsi aka tsinci gawar bayan injin matsar gyaɗa, ƙeya a fashe, jini ya cakuɗe da mai. Ma'aikata na kiransa Mai Agogo. Hedikwatar kamfani ce ta turo shi ya auna gyaɗar da kowace masana'anta ke ci da man da take fitarwa, wadda ta zo ta ƙarshe a rufe ta. Babu wanda ya yi masa kuka.

Manaja ya ce zamewa ya yi, inji ya buge shi. Sufeton 'yan sanda da ya zo bincike ya shafa injin, babu ɗigon jini. Manajan ya ƙara da cewa su ne na ɗaya shekara uku jere, me zai haɗa su da mamacin?

A aljihun gawar akwai ɗan littafi. Shafin ƙarshe: gyaɗa kilo dubu ta shiga, mai da tunkuza kilo dubu da ɗari sun fito.

"Injinku haihuwa yake yi?" in ji Sufeto.

Manaja ya ce shi takarda kawai yake sa wa hannu, awo na Baba mai sikeli ne.

Baba, wanda ya shekara talatin yana awo a bakin ƙofar, ya rantse bai ga mamacin ba yau. Sufeto ya hau sikelin buhuna. Kilo tamanin. Jiya-jiya likita ya yi masa faɗa kan casa'in.

"Baba, ka fi likitana iya magani."

Sai ya duba duwatsun awo. Duk sun yi baƙi da maiƙo, ban da na kilo biyar, wanda ke ƙamshin sabulu. A ramin mariƙin dutsen akwai gashin mutum.

Tsohon ya zauna kan buhu. Ya ce shi ya karkatar da sikelin, don gyaɗa ta riƙa shiga fiye da yadda ake rubutawa, tsohon injinsu ya zama gwani a takarda. Mai Agogo ya gano, ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin sikelin.

"Na roƙe shi, ranka ya daɗe. Na ce mutum arba'in ke ci a nan. Ya ce ba mutane aka aiko shi ya auna ba."

"Sau nawa ka buga masa dutsen?"

"Uku. Na farkon ma ya isa."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban ma'aikata. Ranar Litinin hedikwata ta turo wani mai agogon, da sabon sikeli da kwaɗon kulle ƙofa.