Ɓeran Kogo da Gansakukar Dutse

A ɗakin binciken jami'a ya fara ganinta, ta duƙufa kan wani ɓallin dutse tana kankarar abu toka-toka.

"Datti kike gogewa?"

"Gansakukar dutse ce," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba tsiro ba ce ma, dangin naman kaza ce. Kai ne Mai Ɓera?"

Shi ne kuwa. Wani ɓeran kogo mai dogon bindi yake nazari, a gabashin dutsen da gansakukarta ke yammacinsa. Tafiyar aiki ta haɗa su, tun yana tsokanarta da Tokata saboda launin gansakukarta har sunan ya zauna mata. Daga nan soyayya ta shiga tsakaninsu.

Rahotonsa ya sa aka ayyana ɓeran cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, aka hana fasa dutse a gabas. Kamfanin da ke fasa dutsen ya sallami wasu ma'aikata, har da babanta, direban katafila. Sannan kamfanin ya koma yamma, domin gansakukarta ko suna ba a kai ga ba ta ba, balle kariya.

Tana tsaye aka tashi nakiyar fasa dutsen a yamma. Ta kwashi ɓaraguzai a gyalenta tana kuka.

"Wanda ya raba ni da abincina saboda ɓera ba zai zama surukina ba," in ji Baba, da ya ji maganar aurensu.

Wani abokin aikinsu mai sonta ya ƙara mata da cewa ai Mai Ɓera ya san haka za ta faru. Ta daina ɗaga wayar Mai Ɓera.

Ya turo mata saƙo: "Tokata, wallahi ban sani ba. Na ceci nawa, na kashe naki. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta ajiye wayar.

Ana haka ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, ƙurar dutse ta ci huhunsa. Kullum Mai Ɓera yana asibiti, shi ke juya shi, shi ke zubar da fo. Ita tana gefe tana kallo.

Wata safiya Baba ya riƙo hannunsa.

"Ɓeran naka yana nan?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Ni ma haka. Ku hanzarta auren."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba.

A falon gidan Baba aka ɗaura auren, babu kiɗa, Baba na kishingiɗe. Da ƙyar muryarsa ta fita.

"Allah Ya yi muku albarka. Ka riƙe mini ita, ɗana."