Saƙo a Bakin Tanderu

Ranar da ya fara ganinta, hannun rigarsa a naɗe yake, ita kuma tana riƙe da allura. Dogo ake ce masa, ƙaton mutum, mai aikin tanderu a kamfanin narkar da dalma da tutiya. Amma da ya ga allurar nan sai ya kawar da kai.

"Kai da kake tsayawa gaban wutar da ke narkar da dutse, wannan 'yar abar kake tsoro?" in ji ta.

"Wuta na san halinta, Nas. Ke ce ban sani ba tukuna."

Kamfanin yana da rassa a ƙasashe da yawa, kuma ko'ina dokarsa ɗaya ce. Duk wata uku a auna jinin ma'aikaci, a ga yawan dalmar da ta shiga jikinsa. Wanda lambarsa ta haura, a ɗauke shi daga tanderu.

Kafin wata ya zagayo, saƙo ya fara kai-komo tsakaninsu.

"Dogona, ka sha ruwa kuwa? Ka kula min da kanka."

"Sanyin idona, na sha. Nan zafi kamar me, amma da na ga sunanki sai in ji iska."

Ta kai maganar aurensu gida wurin mahaifinta, Baba. Shi ma tsohon ma'aikacin tanderu ne, tun zamanin da babu wurin wanka a kamfani, kowa da kayan aikinsa yake komawa gida. Ya dubi babbar 'yarsa, wadda suke kira Yaya, tana zaune bakin ƙofa tana fama da igiyar takalmi. Shekararta talatin, amma hankalinta na ƙaramar yarinya ne.

"Kin ga yayarki? Lafiya lau aka haife ta. Kullum na dawo sai ta rugo, in ɗaga ta in rungume. A rigata na kawo mata ƙurar dalma. Ba zan ba mai tanderu 'yata ba. Kada ki sake tayar min da maganar."

Ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta ga laifinsa ba.

Ana cikin haka awon jini na biyu ya fito. Lambar Dogo ta haura, sosai ma. Ta tare abokin aikinsa ta tambaye shi.

"Ai tun da ya haɗu da ke ya lalace," in ji shi. "Waya na motsi zai tuɓe safar hannu, ya sauke takunkumi, ya laɓe bayan tanderu yana karatu yana washe baki."

Ashe kowane "ka kula da kanka" nata guba yake sa shi shaƙa. Da hannunta ta cike takardar ɗauke shi daga tanderu zuwa sito, ta kai wa likita ya sa hannu. Saƙo kuma ta daina, don kunya da tsoro sun hana ta.

Shi kuwa Dogo, da ya ga an raba shi da aikinsa, waya ta yi shiru, ga shi kullum yana hango ta a ofishin matashin likitan nan, sai zuciya ta raya masa abin da ta ga dama.

"Idan likita ne zaɓin Baba, ki faɗa min. Ba sai kin kore ni daga aikina ba."

Amsar ta zo bayan an tashi aiki.

"Likita yana da matarsa. Ni ce na sa maka ciwo, Dogona, da saƙonnina. Gara ka ji haushina kana da lafiya."

Ya karanta sau uku. Washegari ya yi wanka a kamfani, ya sauya kaya tun daga hula har takalmi, ya nufi gidan iyayenta. Ya durƙusa gaban Baba, ya miƙa masa takardar awon.

"Baba, ga lambata. Ba ta yi kyau ba, kuma sakacina ne. Na ce gara ka gani da idonka."

Baba ya daɗe yana kallon takardar.

"Ni da aka ba ni tawa, ɓoyewa na yi, don kada a raba ni da tanderu," ya ce. "Ko uwarsu ban nuna wa ba. Duk awon da aka yi maka, ka kawo min."

Sau uku Dogo yana kawowa, lamba tana sauka. A na ukun Baba ya ce ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure, bayan mutane sun watse, Baba ya zaunar da su biyun, Yaya tana gefensa cikin sabon kaya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai lafiya." Sai ya juya wajen amarya. "Ke tun da aka haife ki ban taɓa ɗaukar ki ba, tsoro nake ji. Idan Allah Ya ba ku ɗa, ku kawo min in ɗauka."

Ta matso ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Dogo ya ce amin, hawaye na bin fuskarsa.