Jan Zare a Rumfar Yasmin

Famfon tanki na je rufewa. Aikina ke nan kullum idan rana ta sunkuya, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, lambun ya dawo hannuna.

Lambun ya girmi kakan Baba. Waɗanda suka shata shi sun raba shi gida huɗu, magudanan ruwa biyu suka gitta juna a tsakiya, kowane gida da shingen lallensa da ake aske wa kai daidai ƙugu. Gida ɗaya wardi, ɗaya rumman, ɗaya lemun tsami. Na huɗun, can ƙurya kusa da tanki, rumfar furen yasmin ce, tsohuwa tukuf, gindinta ya kai cinyar mutum kauri. Yanzu masu wurin sun mai da shi na ɗaukar hoto, har sun ajiye mana manaja. Mai Agogo nake ce masa, don ko gaisuwa yake amsawa idonsa na kan tsintsiyar hannunsa.

Masu aikin lambun nan suna da ƙa'ida guda da suka gada. Ba a yanke reshe mai kauri sai an yi sallama. Da yamma ka ɗaura masa jan zare, ka tafi. In da safe ka tarar da zaren yadda ka bar shi, yanke. In ka tarar an kwance, to da mai shi, nemi wani. Tun ina yarinya nake yi wa Baba tsiya a kan wannan.

"Baba, tsuntsaye ne fa ke kwashe maka zare suna sheƙa da shi."

"Tsuntsun da zai kwance ƙulli, ya naɗe zare, ya ajiye? Auta, bakin nan naki ya fi almakashinki kaifi."

Sai ya yi dariya, ya shafa ƙaramin yatsansa na dama, wanda ya bushe ya lanƙwashe kamar ƙirare. Cewa yake ƙofa ce ta datse shi yana saurayi.

Ran nan da rana Mai Agogo ya same ni ina cire ciyawa. Wai rassa uku sun sauko bakin rumfar yasmin suna tare fuska, ga masu hoto za su zo da sassafe.

"Malama, a rage su yau."

"Yallaɓai, sai na ɗaura zare tukuna. Gobe..."

"Zare?" Ya ɗago kai, karo na farko da na ga idonsa sosai. "Ke da na ji an ce kin yi makarantar aikin gona?"

Gaskiya ba tsoronsa na ji ba. Kunya na ji, a ce ni da takardata ina neman izinin itace. Na ɗauko almakashi. Ƙas, ƙas, ƙas. Na watsa rassan a juji, ban kuma gaya wa Baba ba.

To, da yammar nan na bar shi a keken guragunsa a barandar ɗakinmu da ke bakin ƙofar lambu, na bi gefen magudana zuwa tanki. Ƙasa na ƙamshin jiƙa. Tsuntsaye na ta hayaniyar neman makwanci a kan rumman. Na murɗa famfo, ya yi kukansa na tsatsa, ya rufu. Na san ruwan da ya rage a magudana zai ci gaba da gangarawa zuwa bakin ƙofa kamar tsawon tafasar ruwan shayi, sannan ya tsaya.

Na juyo ke nan na lura tsuntsayen sun yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da kwano.

Ƙamshin yasmin ya taso. Na san ƙamshinta na yamma, a cikinsa na girma. Wannan ya yi yawa. Ya cika mini hanci, ya sauka maƙogwaro, har na ji ɗaci.

A kan bencin dutse da ke bakin rumfar, ga rassan nan uku da na jefar a juji. An kakkaɓe musu ƙasa. An jera su kai da kai.

Na ce a raina Mai Agogo ne. Amma mutumin da ko ganye ba ya ɗauka?

Ƙas.

Daga bayan shinge ƙarar ta fito. Na lalubi aljihun rigar aikina. Almakashina na nan.

Ƙas.

"Wane ne?" Muryata ta fito 'yar siririya, ni kaina ban gane ta ba.

Ganyen rumfar ya buɗe a hankali, ba iska. Ban ga fuska ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ban gani ba. Hannu na gani. Dogo, mai kaushin ɓawon itace, ya zuro ya dafa bencin kusa da rassan. Yatsu biyu ne a jikinsa. Gurbin sauran ukun ɗanye ne shar, ruwa na ɗiga daga ciki. Na gane yankan. A karkace yake, yadda Baba ya koya mini.

"'Yar mai lambu."

Muryar kamar ana jan busasshen ganye a kan siminti.

"Ba ki yi sallama ba."

Na ja da baya. Muryar ta sake fitowa.

"Mu mun yi."

Sai a lokacin na ji hannuna na dama ya yi nauyi. Na ɗaga shi. Jan zare. Ɗaya a manuniya, ɗaya a na tsakiya, ɗaya a ƙarami. An ƙulle kowanne tam, har kan yatsun sun fara kumbura. Yaushe aka ɗaura? Ban ji taɓin kowa ba.

"Mun ba ki har ruwan nan ya tsaya."

Na kwasa a guje.

Takalmina ɗaya ya fita, ban waiwaya ba. Ina gudu ina jin magudana a gefena, ƙarar ruwan na raguwa. A ɗaya gefen, bayan shinge, ana bi na. Ba da gudu ba. Ƙas. Ƙas. Guntayen lalle na zubo mini a kafaɗa.

Na faɗa baranda a gaban Baba, na zaro almakashi da hagu, na cusa bakinsa ƙarƙashin zaren farko.

Baba, wanda wata huɗu ke nan ba ya iya haɗa kalma uku, ya kai mini duka da hannunsa mai lafiya. Almakashin ya yi tsalle ya faɗa cikin wardi.

"Kwan... ce." Miyau na zuba ta gefen bakinsa. "Kika yanke... kin yarda."

Ya damƙe tsintsiyar hannuna ya riƙe mini shi. Na sa farce. Ƙullin ƙanƙane ne, ga gumi, ga haske na ɗaukewa. Na sa haƙori. Zaren na ɗanɗanon ɗanyen itace.

Na farko ya kwance.

Ruwan ya koma tsiyaya.

Ƙas. A bakin matakalar baranda.

Baba bai kalli wajen ba. Ni yake kallo. "Yi, Auta. Yi."

Na biyu ya ƙi. Na ja, ya ƙara shaƙewa. Na tsaya, na bi shi ta baya yadda ake warware saiwar dashe. Farcena ya tsage. Ya kwance.

Ɗis.

Ɗis.

Inuwa ta rufe mu. Ƙamshin ya sauko a kan wuyana, da sanyi.

Na kai haƙori kan na ukun. Na ji ƙullin ya fara motsi.

Ruwan ya tsaya.

Ƙas.

Ba zafi. Ba jini. Zaren ya zame da kansa ya faɗi ƙasa. Wani sanyi ya shiga ƙaramin yatsana, daga kai zuwa gindi, ya zauna. Can kan rumman tsuntsu ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Na fashe da kuka, na kifa kai a cinyar Baba. Ya daɗe yana shafa mini baya. Sannan ya kamo shanyayyen hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi kusa da nawa. Busasshen yatsansa a gefen nawa.

"Ba... ƙofa ba ce," ya ce.

Cikin kwana bakwai yatsan ya bushe. Likita ya juya shi, ya ɗauki hoto, ya ce jijiya ce ta mutu, bai san dalili ba. Na ce masa na gode. Har yanzu ina riƙe almakashi, sai dai riƙon ya canja, aikin awa ɗaya yakan ci mini biyu.

Masu hoto sun zo da sassafen nan, sun yaba rumfar. Mai Agogo ya ce ai ga shi nan, ba abin da ya faru. Bayan wata biyu ya sake samu na a kan wani reshen rumman da ya karkato hanya. Na ciro jan zare daga aljihu, na ɗaura a gabansa. Ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya sauka kan hannuna.

"Me ya sami yatsanki, Malama?"

Na ja ƙullin da haƙori, na gyara shi.

"Ƙofa ce, yallaɓai. Ka dawo da safe mu ga abin da suka ce."