Waye Ba Lafiya Za A Kai Indiya?

Ranar Asabar da hantsi Sailuba na zaune a falonsu da ke garin Sterling a ƙasar waje, laptop a cinya, baki har kunne. Mijinta Imrana ya kwanto a kafaɗarta yana leƙen hotuna.

"Kalli nan, Dear! Charminar ke nan, hasumiya huɗu a tsakiyar kasuwa. Da mun sauka Haidarabad a Indiya nan za mu fara, mu sha shayinsu mai kaurin nan da biskit. Sai mu hau tsohuwar ganuwar Golkonda. An ce in ka tafa hannu a bakin ƙofa, wanda ke can ƙololuwa zai ji ka!"

"Ni dai ki bar ni da shinkafarsu ta biriyani," in ji Imrana. "Safe, rana, dare."

"Acici kawai! Na riga na yi booking, ba fashi."

Rabon Sailuba da irin wannan dariya an daɗe. Shekararsu shida da aure babu haihuwa, kuma bara likita ya faɗa musu ƙarara cewa matsalar daga Imrana take. A mota ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar yaro, ita kuwa ta rantse masa babu mahaluƙin da zai ji daga bakinta. Wannan 'yar tafiyar ta shirya ne don su huta da warin asibiti.

Sai ga Hajiya, mahaifiyar Imrana da ta zo musu ziyara daga Kano, ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. Sailuba ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Indiya na ji kuna ambata? Waye ba lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Yawon buɗe ido ne, mu ga tsofaffin gine-gine, mu ci abincinsu."

Hajiya ta yi sakato. Ita dai a iya saninta, duk wanda ya tafi Indiya daga unguwarsu a keken marasa lafiya aka tura shi cikin jirgi. Alhaji Munzali maƙwabcinsu ƙoda ce ta kai shi, ƙanwarta kuma ciwon baya.

"Abinci? Ku bar tukunya a gida ku keta hazo don ku ci shinkafa?" Ta dubi fuskar Sailuba, ta sauke ido kan cikinta, ta jinjina kai. "To, Allah ya ba da lafiya."

Kafin azahar wayar Sailuba ta ɗauki zafi. Sharifa, ƙanwar Imrana, da Hajiya ta tsegunta wa a waya, ta saki murya a group ɗin dangi: "Jama'a a taya mu da addu'a, za a kai matar Yaya Indiya a duba mata mahaifa!" Masu amin suka yi caa, wata gwaggo har da cewa ai ita tun ranar biki ta lura. Matan masallacinsu na nan Sterling ma sun ji. Kai, wasu mutane dai bakinsu ba ya ajiye komai! Can sai ga kiran mahaifiyar Sailuba tana kuka: "Ashe haka kike ciki shi ne kika ɓoye min, sai a bakin surukai zan ji?"

Ran Sailuba ya ɓaci iyakar ɓaci. Ta banka ƙofar ɗaki ta tarar da Imrana yana ninke riguna.

"Ka ji abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ji. Ki yi haƙuri ki share su, please. Da mun dawo maganar za ta wuce."

"Za ta wuce? Mu dawo babu ciki a ce Indiya ma ta gagara! Shekara nawa ina shan habaici, ana kawo min jiƙe-jiƙe ina shanyewa kana kallo? Yau har uwata an sa kuka!"

"Sailuba, uwata ce fa. Da wane baki zan yi mata irin wannan magana?"

"Ni kuma da wace fuska zan shiga mutane?" Muryarta ta karye, amma idonta jawur. "Alkawarin da na yi maka ba zan karya ba, ko da za a yanka ni. Amma wallahi ba zan hau jirgi a matsayin majinyaciya ba. Na fasa! Ka je ka ci biriyaninka kai kaɗai."

Imrana ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ninke rigunansa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Duk da haka ta shiga kicin ta tuƙa tuwo, ta jera wa Hajiya a kan darduma. Hajiya ta kwance bakin mayafi ta miƙo mata ƙullin magani.

"Ungo, ki riƙa sha da nono kafin ku tafi." Sai ta juya wajen ɗanta. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai kuma, wannan yaron, ka saurare ni. Ka yi iya ƙoƙarinka, kowa shaida ne. In Indiyar ma ba a dace ba, ka sauwaƙe wa 'yar mutane. Ba zan zuba ido ka tsufa babu mai ce maka Baba ba."

Maganar ta zo wa Sailuba har kan harshe. Kalma ɗaya tak, ta wanke kanta fes! Ta dubi mijinta, ta tuna shi kife a kan sitiyari. Ta haɗiye. Ta sa hannu biyu ta karɓi ƙullin, hawaye na ɗiga a kai.

"To, Hajiya. Na gode."

Wannan "na gode" ce ta karya Imrana. Ya sauko daga kujera ya gurfana gaban mahaifiyarsa.

"Hajiya, ki gafarce ni, zan yi rashin kunya yau. Lafiyarta ƙalau. Ni ne. Likitoci sun tabbatar tun bara. Ita ta rufa min asiri, ta bari ana zaginta a madadina. In akwai wanda za a sauwaƙe wa, ita ce za a sauwaƙe wa ni."

Carbin ya suɓuce daga hannun Hajiya.

"Imrana?" ta ce. Yau an wayi gari ta kira sunan ɗan fari, ba ta ma san ta kira ba.

Sai ta fizge ƙullin daga hannun Sailuba ta yi jifa da shi. "Innalillahi! 'Yar nan, kina riƙe da wannan na tsaya a kanki ina faɗar abin da na faɗa, ba ki tanka ba? Ki yafe min. Miƙo min wayar nan, yanzu kowa zai ji gaskiya!"

Sailuba ta riƙe mata hannu. "Ki wanke ni kawai, Hajiya. Shi kuma ki bar masa rigar mutuncinsa."

Hajiya ta share ido ta danna waya, muryarta a sama: "Ku saurara, har ke Sharifa mai bakin ganga! Sailuba lafiyarta garau, ni ce na yi azarɓaɓi. Yawo za su je su ci shinkafa. Duk wanda ya sake ɗaga maganar haihuwarsu, da ni yake!"

Da la'asar Imrana ya ɗauko laptop ya ajiye a cinyar matarsa. Ta harare shi, don fushin bai gama sauka ba.

"Sai ka hau Golkondar nan da ƙafarka har sama, babu hutu."

"Na yarda, ko da goye da ke ne."

Hajiya ta matso tana leƙe. "Wai da gaske akwai masu zuwa ƙasar nan da ƙafarsu? To ku taho min da turare."

Haka abin yake, 'yan uwa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ɗora shi a waya. Namijin da ya bar matarsa tana ɗaukar masa kaya don kunya, ya sani kunyar ba ta hana gida rushewa. Ita kuwa Sailuba, da ta furta kalmar nan da bakinta, da ta wanke kanta ta rasa mijinta. Ta haɗiye, sai Allah ya wanke ta da bakin wanda ta rufa wa asiri.